Fuskar da Inna Ta Yi Wa Shiru

Na karanta tarihin dauloli daidai gwargwado, na kuma koyar da shi har alli ya cinye mini zanen yatsu. Abin da na tsinta a ƙarshe shi ne, babbar musibar da ke faɗa wa al'umma, wadda ta fi fari da yaƙi ɓarna, ita ce a ɗauki hoto a ajiye ba a rubuta komai a bayansa ba. Kusan kowane gida a cikin badala yana da irin wannan hoton: maza a jere, an sha babbar riga, an ɗaure fuska. Ranar da aka ɗauka kowa ya san kowa, saboda haka rubuta suna sai ya zama kamar raina wa mutane hankali. Daga nan masu sanin su riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har a wayi gari jikoki suna kallon kakanninsu kamar fasinjojin da aka haɗu da su a mota. Ina rubuta wannan babi ne dominku, 'ya'yana, musamman ku manyan da kuka taso kuna gaida hoton da ke zaure. Akwai gyara a cikin lamarin, kuma gara ku ji shi daga bakina.

A unguwar Soron Ɗinki aka haife ni. Mahaifina, Malam Isyaku, maɗinki ne, ya rasu ina goye. Da Inna ta fita takaba ta yaye ni, sai ta auri Baba Alhaji na Mandawari, ta tafi da ni. Allah ya jiƙan Baba Alhaji, bai taɓa bari na ji ɗacin zaman agola ba, kwano ɗaya muka ci da 'ya'yansa, bulala ɗaya muka sha. Amma a gidansa ba a zancen Soron Ɗinki, kuma ba shi ya hana ba. Inna ce. Ita mace ce ta irin mutanen da, masu kunyar da ba ta tsufa. Ni ɗan farinta ne, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Ina yaro “kai wannan” nake, da na fara koyarwa na samu ƙarin girma na zama “Mai Alli”. Sunan mahaifina kuwa, ko a kan wani ya faɗa, kewaye shi take yi. Akwai wani Isyaku mai kawo kananzir unguwarmu. Mutumin nan ya yi arziki, ya je Makka, ya koma sayar da motoci, amma a bakin Inna har ya mutu “mai kananzir” ne.

Hoton yana ƙasan adakarta, a ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Maɗinkan unguwa ne suka taru ranar wata walima, sun fi goma, wasu a kan kujeru wasu a tsaye. Wata rana Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo gaisuwa ta tarar ina kallonsa a ɓoye. Ta ce mini da ƙaramar murya, “Ubanka na nan ciki.” Kafin in buɗe baki aka kira ta cikin ɗaki, ni kuma na ji nauyin in bi ta da tambaya a gidan wani uban. Ba ta daɗe ba ta rasu. Sai na yi abin da kowane yaro zai yi: na zaɓa. Akwai wani dogo a tsakiya, fari, mai saje, ya karkata hula, ya dafa kujera kamar tasa ce. Na duba madubi na duba shi, na ga hanci ya yi kusa. Da na kama aiki na kai hoton gidan hoto aka ciro shi shi kaɗai, aka faɗaɗa, aka sa masa gilashi. Da na gina nan Gwale na kafa shi a zaure. Ranar da Inna ta fara zuwa gidan ta tsaya a gabansa, ta dube shi, ta dube ni, ta gyara mayafi ta shige. Ni kuwa na ɗauki wannan shirun a matsayin sa hannu.

A shekarar da nake ba ku labari, tsufa ya kama Inna sosai, mun ɗauko ta ta dawo wurinmu. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma ƙwaƙwalwa tana nan garau, tana iya gaya maka wanda ya ci bashin gaisuwa tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa. 'Yar'uwarku Ruƙayya ta zo hutu daga Abuja da kwamfutar ofishinsu, irin siraran nan masu tsada da ba su jituwa da sauran kwamfutoci, ta ce za ta kwashe tsofaffin hotunan gida kafin gara ta riga ta. Da ta zo kan hoton adaka, sai ta yanka kowace fuska daban, ta mai da ita hoto mai zaman kansa, don ta cika allo yadda Inna za ta gani. Kun san tsakanin kaka da jika babu shamaki. Ina zaure ina jiyo su.

“Ke 'yar nema, me za ki yi da matattu?” in ji Inna.

“So nake in ga wanda ya fi kyau a cikinsu, Inna, in gani ko kin iya zaɓe.”

“Ja'ira. Ke da kika zaɓo mai ƙeya kamar turmi? Matso da abin nan, ba na gani.”

Ban shiga ba. Da na leƙa da bakin ya rufe, don ba a irin wannan hira a gaban ɗan fari. Kuma a ganina ba ni da abin tambaya, tunda ubana yana rataye a saman kaina. Sun yi kwanaki a kan aikin, bayan la'asar, in rana ta sauka daga tsakar gida. Inna ba suna kawai take bayarwa ba. Kowace fuska sai ta haɗo ta da uwa da uba, da wadda ya aura, da ciwon da ya kashe shi. Wannan ya fi ƙarfin a sa shi a sunan hoto, saboda haka Ruƙayya ta bar hotunan da lambobinsu, ta riƙa zuba bayanin a wani gurbi da kwamfutar ke tanadar wa kowane fayil. Da za ta koma ta juye mini komai a filashi, ɗan abin nan mai kamar ƙaramin makulli, ta ce in adana. Na jefa shi a aljihun tebur. Damina ba ta ƙare ba Inna ta rasu, da safe, bayan ta sha kunu ta ce ya yi tsami.

Bayan an share makoki na yanke shawarar in faɗaɗa hoton Inna in kafa shi a zaure kusa da na dogon nan, su zauna tare a bango tunda duniya ba ta bar su sun daɗe tare ba. Har na sayo ƙusa. Na faɗa wa Ruƙayya a waya ina jiran yabo.

“Baba,” ta ce, “don Allah kada ka haɗa su.”

“Saboda me?”

“Ba shi ba ne. Inna ta gaya mini ko wane ne shi. Cewa ta yi—”

“Bar shi,” na ce. “Riƙe abinki tukuna. Wanne ne nawa?”

Ta ce ba ta sani ba. Ta tambayi Inna kai tsaye a rana ta ƙarshe, Inna ta ce, “Na faɗa miki duk abin da zan faɗa.” Ita kuma ta ɗauka in ta zauna ta bi bayanan a tsanake za ta gano shi, sai aiki ya taso, sai rasuwa. Amma komai yana cikin filashi, in ji ta, in buɗe in karanta.

Na ajiye waya na ɗaga kai na dubi mutumin da na shekara hamsin da wani abu ina yi wa addu'a da sunan uba. Bai ji kunya ba ko kaɗan. Na ɗauko filashi na sa a tsohuwar kwamfutata ta gida. Hotuna suka fito reras, kowace fuska da lambarta. Na danna nan, na danna can, na buɗe duk wata ƙofa da na san ana buɗewa. Babu harafi ɗaya. Na sake kiran Ruƙayya, ta sa ni na bi wasu hanyoyin, babu. Na ce to ta duba a tata kwamfutar. A nan ne ta gaya mini: ta canja wurin aiki, ta mayar musu da kayansu, kuma al'adar ofishin ce su goge komai kafin su ba wani.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya fi rasuwar kanta girgiza ni. Rasuwa na san tana tafe. Amma a ce tsohuwar nan ta buɗe bakin da ta rufe tun ina goye, sau ɗaya tak, a kuma ce maganar ta zube a hanya tsakanin na'ura da na'ura, wannan ban shirya masa ba. Da can ina da uba na aro. Yanzu ina da maza fiye da goma, kowannensu yana iya zama shi, kuma duk wanda zai raba gardama yana kushewa. Na sauke dogon daga bango na juya fuskarsa. Abinci ya daina yi mini daɗi. Mahaifiyarku, Hajiya Bilki, wadda ba ta taɓa barin tausayi ya hana ta faɗar gaskiya ba, ta dube ni wata rana ina jujjuya tuwo.

“Malam, mutum da furfura har a gira yana neman uba? Ka yi masa addu'a da sunansa mana. Mala'iku ai ba da hoto suke kai saƙo ba.”

“Na sani, Hajiya.”

“To ci tuwonka. Abin da Inna ta rufe, wataƙila rufewar ce alheri.”

Maganarta tana da ƙafa, na kuma yi kwanaki ina auna ta. Amma na ga cewa Inna ba ta rufe ba. Da ta so rufewa da ta kori Ruƙayya da na'urarta tun ranar farko. Ta zauna ne ta yi magana, ta san kuma kunnen da maganar za ta ƙare a ciki. Saboda haka na sa filashi a aljihu na nufi Mandawari, shagon Sabi'u, inda ake buga takardu da cike fom na jarrabawa. Sabi'u tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci da tumbi. A aji ba ya jin tarihi, amma ya tashi da ladabi.

Ya sa filashin, ya danna wani abu da ke fito da ɓoyayyun fayiloli, sai allo ya ninka. Kusa da kowane hoto ga wani ɗan fayil ya ɓullo, sunansu ɗaya, sai dai shi an fara nasa da ɗigo da 'yar sanda a kwance. Ba su da nauyi, kuma in an danna su ba sa buɗewa. Sabi'u ya ja kujera baya.

“Malam! Ai ga matsalar nan. Bairos ne, cutar kwamfuta, ya cika shi, shi ya cinye maka rubutun. Dubi yadda ya haihu, kowane hoto da ɗansa. Bari in share maka su yanzun nan.”

Ya riga ya shafa su duka sun yi shuɗi, yatsansa yana kan maɓalli.

“Sabi'u, ɗaga hannunka.”

“Malam, wallahi shara ce. Kullum sai na share irinsu.”

“Ka san abin da ke cikinsu?”

“Ba sa ma buɗuwa.”

“To ba ka sani ba ke nan. Ɗaga.”

Ba wani ilimin na'ura ne ya sa na hana shi ba, ba ni da shi. Tsohuwar ɗabi'ar aji ce. Duk shekarun da na yi ina gyaran jarrabawa ban taɓa yar da takarda don ba ta da suna ko don rubutun bai karantu ba. Ajiye ta ake yi a gefe, a raba sauran, a ga wanda ya rage hannu wofi. Kuma ido na malami ya riga ya ga wani abu a allon, irin abin da kake gani in ka shiga aji kowa yana da abokin benci sai yaro ɗaya: can wajen ƙasa akwai hoto guda da ba shi da ɗan rakiya. Ban ba abin muhimmanci ba a lokacin, na dai gani. Sabi'u ya zare filashin da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, ya miƙo mini.

“Allah ya huci zuciyar Malam. Amma don girman Allah kada a sake kawo shi shagon nan, da na'urar nan nake ciyar da yara.”

Da yamma na kwatanta wa Ruƙayya abin da na gani, ɗigo da sanda da komai. Ta ce in ba ta lokaci ta tambayi wata abokiyar aikinta. Da ta sake kira, tun daga sallamarta na san labari ya canja.

“Baba, ka tabbata bai share ba?”

“Ina tsaye a kansa.”

“Alhamdu lillahi. Baba, ka ga, ita kwamfutar da na yi aikin da ita, kowane fayil riga ce mai aljihu, a aljihun na riƙa zuba maganar Inna. Shi kuma filashi tsarinsa na da ne, rigarsa ba ta da aljihu. Da na juye, sai kwamfutar ta ga babu inda za ta sa kayan, sai ta ƙulle na kowane hoto a ɗan ƙunshi ta ajiye a gefensa. Taka ba ta san ƙunshin ba, shi ya sa ta yi kamar ba ta gani ba. In aka mayar da shi cikin irin waccan, za ta mayar da komai aljihunsa.”

Na ce mata jikar maɗinki ce ita ko ta ƙi ko ta so.

Ta zo ƙarshen mako da kwamfutar aro. Muka zauna a tsakar gida inda suka saba zama da Inna, mahaifiyarku tana gefe tana tsince shinkafa, wai ita ba ruwanta. Ruƙayya ta sa filashi, ta buɗe fuska ta farko, sai ga rubutu a gefe. Ta karanta da ƙarfi: wane ɗan wane, na bakin rijiya, ya auri 'yar mai tabarmi, ya rasu a hanyar Makka. Wallahi muryar Inna ce, har da inda take tsayawa ta ja numfashi. Na biyu, “mai rowa ne, amma ya iya wuyan riga.” Na uku, “wannan ƙanin Malam Babba ne, kunama ta taɓa harbinsa a masallaci ya ƙi sallamewa.” Hajiya ta ajiye faranti ta matso. Muka yi dariya, muka yi hawaye. Da muka zo kan dogon na ce a tsallake. Biyu daga ciki Ruƙayya ta rubuta musu “ta ce ba ta tuna ba”. Muka kai ƙarshe. Babu Isyaku, babu “mai gidan nan”, babu ko irin kewayen da take yi.

“Ko yana cikin waɗanda ba ta tuna ba?” in ji Ruƙayya, murya a sanyaye.

“Inna ba ta ƙarya,” in ji Hajiya. “Shiru take yi.”

Sai allon Sabi'u ya faɗo mini a rai.

“Koma baya,” na ce. “Akwai wanda ba shi da ƙunshi. Nemo mini shi.”

Ta bi su ɗaya ɗaya. Ashe garin ɗokin karatu mun wuce shi ba mu lura ba. Gurbinsa fari fat. Wani gajere ne baƙi a ƙarshen layin tsaye, almakashi na leƙowa daga aljihunsa, bai ma kalli mai hoto ba, yana kallon wani abu a gefe kamar an kira shi. Ruƙayya ta zuba masa ido, sai ta dafe baki.

“Na tuna! Baba, a kan wannan ne ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta sa bakin mayafinta ta goge allon, ta ce akwai ƙura. Sai ta ce in je in duba tukunya kada ta kama. Da na dawo ta ce mu wuce na gaba.”

“Akwai tukunya a wuta?” na tambaya.

“Babu,” in ji Hajiya. “Ni na yi girki ranar, na riga na sauke.” Ta karkato da kai ta ƙare wa hoton kallo, sannan ta dube ni. “Malam, juya gefe. Ai kuwa. Kunnuwan nan da na sha fama da su a kan 'ya'yana, ga inda aka samo su.”

Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da ya sauka. Na tashi na yi alwala na yi nafila, na dawo, da aka dafa shinkafar da aka tsince rabi na ci. Na san masu gardama a cikinku za su ce shiru ne ya ɓatar da ni da farko, shiru kuma na sake kamawa. Haka ne. Amma shirun farko ni na zaɓi mutum na kai mata, ta rasa yadda za ta yi da ni. Na biyun ita ta raba wa kowa takardarsa, ta bar ɗaya a hannu, ta san kuma Mai Alli ta haifa. Tun daga ranar na sa Ruƙayya ta buga kowace fuska a takarda, na zauna da biro na rubuta bayanin Inna a bayan kowace ɗaya da hannuna. A bayan na gajeren na rubuta sunan da ita ba ta iya faɗa ba. Shi ne yanzu a zaure, kusa da ita, ƙusar da na saya ba ta yi asara ba.

Dogon kuwa yana cikin adaka, ban yar da shi ba, don mutumin da ya sha addu'ar shekara hamsin ya zama ɗan gida. Sai da aka kwana biyu na iya cewa Ruƙayya ta karanta mini nasa. Layi ɗaya ne. Inna ta ce, “Wannan ba maɗinki ba ne, mai kujerun ne, ya tsaya jiran a gama ya kwashe kayansa.”